Yadda Muka Riƙe Asansar ta Dogo

Ranar taron ƙungiyarmu ta 'yan Nijar na ji ɗaya daga cikinku yana cewa gyaran asansar ba wani aiki ba ne. Wai ka jona na'ura, ta faɗa maka abin da ya lalace, ka cire ka sa sabo, ka shiga motarka ka tafi. Ban tanka ba a lokacin don ana rabon abinci. Yau tunda kun biyo ni har gida kuna son sanin ko sana'ar tana da ci, to ku gyara zama. Ni Isuhu, mutumin Damagaram, na haura shekara talatin ina hawa da sauka cikin ramin asansar, wato na'urar hawa bene da 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa lifta.

Aikin farko da na riƙe a kaina a Belleville ne, cikin Paris, a wani tsohon gini mai hawa shida da gidan abincin 'yan Tunusiya a ƙasansa. Na zo daga gida da shaidar aikin lantarki, ina ganin ba abin da za a nuna mini game da kuran, wato wutar lantarki. Kamfani ya haɗa ni da wani dattijo ɗan Fotugal, Musye Abiliyo, gajere kakkaura, hannunsa na hagu ba yatsu biyu. Asansar ɗin gidan tana tsayawa tsakanin hawa na uku da na huɗu, ba kullum ba, sai ta ga dama. Tun daga bakin ƙofa na buɗe jaka na fito da mitar awon kuran. Ya ce in mayar.

"Shiga ka hau," in ji shi. "Ka yi ta hawa kana sauka har ka ji abin da na ji."

Na yi ta yi, masu gidan abinci suna leƙowa suna mini dariya. Can sai kunnena ya kama wani ɗan ƙas, kamar an taka tsakuwa, dab da hawa na huɗu. Wata 'yar taya ce ta makullin ƙofa da ta cinye gefe guda. In mutum mai jiki ya tsaya daga gaba, akwatin da ke ɗauke da mutane ya ɗan karkata, sai ta goga, kuran ya yanke. Na'urar da kuke taƙama da ita za ta rubuta muku cewa ƙofa ce, ta yi shiru. Amma gini mai hawa ashirin ƙofa ashirin gare shi, kuma kowace da halinta.

Kayan aikin da Musye Abiliyo ya fara miƙo mini kwaɗo ne, ja, da lakilensa, wato mabuɗinsa, guda ɗaya tak. In za ka shiga rami ko ka sa hannu a inji, sai ka kashe kuran, ka datse makashin da kwaɗonka, ka jefa lakilen a aljihunka. Shi da yana saurayi bai yi haka ba wata rana. Mai gadin gini ya zo ya ga kuran a kashe, mutane suna ta ƙorafi a ƙasa, ya kunna da kyakkyawar niyya. Nan yatsun suka tafi. Bayan kwaɗo sai ɗan lakile mai baki kusurwa uku, wanda ke buɗe ƙofar kowane hawa ko da akwatin ba ya wurin. Wannan ba a ba kowa aronsa, ko ɗan uwanka ne, domin abin da ke bayan ƙofar rami ne. Sai fitilar goshi, da tsumma, da gwangwanin mai. Rabin aikinmu shara ce da shafa mai. Duk wanda ya raina tsumma ba zai daɗe a sana'ar nan ba.

Mutane kuma su ma aiki ne. A Stains, inda na yi shekaru ina kula da manyan gine-ginen haya na talakawa, wata mata ta taɓa maƙalewa da jariri da buhun shinkafa tsakanin hawa biyu. Da na iso tana dukan ƙofa da ƙafa, numfashinta har waje ana ji. A irin wannan lokaci ba a ce wa mutum kada ya ji tsoro, ƙara firgita shi kake yi. Na durƙusa na sa bakina a tsagar ƙofa na faɗa mata sunana, na ce zan hau sama, fitila za ta ɗauke, za ta ji ƙara kamar an saki sarƙa, sannan akwatin zai motsa kaɗan-kaɗan, kuma duk ni ne nake yi da hannuna. Na tambayi sunan jaririn. Da na fito da ita ba ta gode mini ba, zagin kamfani ta yi ta yi har ta shige gida, kuma ban ga laifinta ba. Za ku haɗu da masu kwasar kaya da ke tokare ƙofa da kujera har inji ya ƙone, da masu zuba ruwan wanke-wanke cikin rami, da wanda zai tare ku a matakala ya ce ku ne kuke ɓata ta da gangan don a riƙa kiran ku. Duk ku haɗiye. Mutumin da ya hau bene goma da ƙafa bayan ya wuni a tsaye wurin aiki, ba da ku yake faɗa ba.

Daga baya kamfani ya mayar da ni Lyon, muka samu gida a Saint-Fons, kusa da masana'antu. Cikin gine-ginen da aka damƙa mini akwai wani a wani ƙaramin gari maƙwabci, ba sai na faɗi sunan garin ba. Hawa goma sha huɗu ne, mu masu jin Hausa a unguwar muna ce masa Dogo. Asansar biyu aka yi masa tun ginin farko, amma masana'antar da ta ƙera su ta daɗe da rufewa, ba a samun kayansu. Ɗaya ta mutu tun kafin korona. Na riƙa ɓallo kayanta ina ciyar da 'yar uwarta, yau wannan gobe wancan, har ya zama ba abin da ya rage mata sai kwarangwal.

A hawa na goma sha biyu akwai Malam Adum, mutumin Chadi, tsohon ma'aikacin masana'antar sinadarai, da matarsa Hajiya Zara. Hausarsu ta kasuwa ce, mai daɗi. Ƙodarsa ta gaza, sai an kai shi likita, wato asibiti, an wanke masa jini sau da yawa a kowane sati, kuma ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa nisa. Hajiya Zara ita ce bakin mutanen gini, kowa ya san muryarta. In na zo aiki takan aiko mini da shayi har ɗakin inji.

Shekarar korona ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Kowa yana gida, asansar ba ta hutawa, ga masu kawo saƙon abinci, ga masu ɗaukar marasa lafiya. Mutane don tsoron cuta suka riƙa fesa wa maɓallai ruwan kashe ƙwayoyi, wasu har da ruwan bilic, ruwan ya riƙa shiga ciki yana haɗa wayoyi. Abokan aikina da yawa suka kwanta, wanda muke shiga mota ɗaya da shi bai tashi ba. Kayan da muka yi oda suka maƙale a kan iyaka. Na koma ina rufe maɓallai da ledar abinci ina liƙewa, ina gyara abin da a da jefarwa muke yi. Asansar ta Dogo ta riƙa tsayawa, in tashe ta da safe, kafin la'asar ta sake kwantawa. Injin da ke buɗe ƙofarta ya gaji, sannan 'yan makunnan da ke cikin akwatin sarrafawa, waɗanda muke kira rele, bakinsu duk ya ƙone. Ina goge su da 'yar takarda mai kaushi ina lallaɓawa.

Ranar da ba ta aiki, a kan kujera ake sauko da Malam Adum. Masu motar marasa lafiya wani lokaci su yarda, wani lokaci su ce bayansu ba zai iya ba, sai an nemi maƙwabta. Akwai ranar da ba a samu masu ɗauka ba, wankin ya wuce shi, jikinsa ya kumbura, aka kwantar da shi a likita.

Da cutar ta lafa, gwamnati ta turo wa garuruwa kuɗin tallafi don su farfaɗo, da sharaɗin a kashe su cikin lokaci. Nan gardama ta tashi a garin. Wasu suka ce a zuba su a gidaje: a taimaka wa kamfanin da ke da Dogo da sauran gine-ginen haya ya sauya asansar, ya gyara tagogi da rufi. Wasu suka ce a'a, a sa su inda kowa ke amfana: lakwal, wato makaranta, da tagoginta ba sa buɗuwa, ɗakin karatu, da ƙaramin asibitin unguwa. Kuɗin ba za su kai ga duka ba. Magajin gari ya kira taron jama'a, Hajiya Zara ta tare ni a matakala ta ce lallai in zo.

"Kai ka san cikinta, Malam Isuhu. In mu muka faɗa, za su ce mita ce irin ta masu haya."

Na je da kayan aikina a jiki, na zauna a layin baya. Hajiya Zara ta yi magana da Faransancinta mai kaifi, ta ba da labarin kujerar, har ɗakin ya yi tsit. Na ce a raina an gama. Sai wata mata ta miƙe, likitar ƙaramin asibitin nan, Dokta Rifkatu, 'yar Najeriya ce daga wajen Jos. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ɗakunan duba marasa lafiya suna hawa na sama, asansar ɗinsu kuma ƙunci gare ta, keken guragu ba ya shiga. Duk lokacin korona a ƙarƙashin matakala take duba tsofaffi, bayan labule, mutane suna wucewa suna jin abin da ke damun su. Ta ce wasu sun daina zuwa saboda kunya, kuma da yawansu mutanen Dogo ne. Ta juya ta kalli Hajiya Zara ta ce Malam Adum ma majinyacinta ne, ba ta zo don ta ƙwace masa kome ba.

Mataimakiyar magajin gari, wadda ke jan taron, ta ce an gaya mata mai gyaran asansar ta Dogo yana nan. Na miƙe. Ta ce tambaya ɗaya za ta yi mini, kuma in amsa tsakanina da sana'ata: asansar ɗin nan, tana da haɗari ga rai? In babu, za a iya riƙe ta har wasu kuɗin su zo?

Na san amsar da aka kawo ni in bayar. Amma ni ne nake auna igiyoyinta, ni nake gwada birkinta. Na ce igiyoyi lafiya lau, birki lafiya lau, ba za ta faɗo da kowa ba. Abin da ya gaji shi ne injin ƙofa da rele. Na ce za a iya riƙe ta in an samu kaya, amma kayan ne babu.

Kalmar farko aka ji, ta biyun ta bi iska. Da majalisar gari ta zauna, kuɗin suka tafi ga lakwal da asibiti da ɗakin karatu, gidaje aka ce sai zagaye na gaba.

Hajiya Zara ba ta jira mun fita daga ɗakin taron ba.

"Malam Isuhu, mu fa muka kawo ka."

"Hajiya, tambayata aka yi, kuma ba zan ce tana kisa ba alhali ba ta yi."

"To madalla. Ranar wanki sai ka zo ka goya Malam, tunda ka ce za a iya."

Daga ranar shayi ya daina zuwa ɗakin inji. In mun haɗu a matakala ta amsa sallama, ta wuce.

Na shiga neman kaya. Na kira tsofaffin abokan aikina na Stains, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris ranar hutuna na birkice wani ɗakin ajiya da na sani tun zamanin koyo. Na dawo da rele 'yan ƙalilan, rabinsu ba su fi nawa lafiya ba. Injin ƙofa kuwa ko mai kama da shi ban gani ba. Sanyi ya shigo, asansar ta Dogo ta kwanta kwanciyar da na kasa tashe ta.

Ana cikin haka sai kamfaninmu ya samu kwangilar sauya asansar ta asibitin, da kuɗin nan dai da aka hana Dogo. Shef ɗina, wato shugabana a kamfani, ya tura ni in duba tsohuwar kafin a cire. Ban taɓa kula da ita ba, wani kamfani ne ke yi. Na hau ɗan ɗakin injinta, na datse kwaɗona, na buɗe akwatin sarrafawa na haska fitila. Irin na Dogo ne. Masana'anta ɗaya, zamani ɗaya, ashe magini ɗaya ne ya yi asibitin da Dogo. Ga rele jere reras, bakinsu yana ƙyalli kamar jiya aka ɗaura. Na sauka kan rufin akwatin na duba injin ƙofa, shi ne sak. Hawa ɗaya kawai take yi tsawon rayuwarta, kuma rabin masu buƙatarta ba sa iya shiga, don haka ba ta gaji ba.

Kada ku ɗauka daga nan sai kwasa. Tsohuwar asansar dukiyar gari ce, kuma an riga an yi alkawarinta ga masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda ke zuwa da wuta su yayyanka. Shef ɗina ma bai so ba.

"Isuhu, mu sabo muke sayarwa," in ji shi. "In wani abu ya faru da tsohon kaya a gini mai hawa goma sha huɗu, sunan wa za a kira?"

Na ce nawa. Na ce ba zan taɓa abin da ke riƙe rai ba. Igiya da birki da makullin ƙofa ba a ɗauko su daga wata asansar a kai wa wata, ko da sun yi kyau kamar me. Abin da nake so shi ne wanda in ya mutu asansar tsayawa kawai za ta yi. Ya ce in gari ya yarda, kuma mai binciken da hukuma ta amince da shi ya duba ya sa hannu, shi ba zai hana ba.

Na sauka na sami Dokta Rifkatu a ƙarƙashin matakalarta, bayan labulen. Muka gaisa da Hausa, ta tambayi iyali, na tambayi aiki. Na faɗa mata abin da na gani.

"Baba, kana nufin liftar nan tamu da nake tsine wa kullum ita za ta sauko da Malam Adum?"

"Cikinta dai, Dokta. Jikin ku riƙe abinku."

Ta yi dariya, ta cire farar rigarta ta rataye, ta ce wa mai taimaka mata tana zuwa. Da ƙafa muka taka har ofishin magajin gari. Ita ta yi maganar, ni ina gefe. Mataimakiyar nan ta saurara, ta ce ta tuna ni, ta tuna kuma cewa na ce kayan ne babu. Kafin sati ya zagayo aka ba da izini, aka ce wa masu tsohon ƙarfe su dakata.

Cire kaya don a sake amfani da su ya fi ɗaura sabo wuya. Kowace waya sai na liƙa mata alama kafin in kwance, domin zanen wayoyin ya ɓata tun tuni, kuma launinsu duk ya koɗe ya zama ɗaya. Roba ta tsufa, in ka matsa ta fashe. Ba zan iya ɗaukar akwatin sarrafawar gaba ɗaya ba, don shi ƙasa da sama kawai ya sani, sai dai rele ɗaya-ɗaya. Dokta ta ba ni tsofaffin barguna na naɗe su kamar ƙwai. Ɗakin injin Dogo kuwa yana can saman hawa na goma sha huɗu, asansar a kwance, ni kuma gwiwoyina sun ga shekaru. Mazan ginin suka fito, har da wani mahauci ɗan Kamaru da wani direban bas Balarabe, muka yi ta miƙa wa juna daga hawa zuwa hawa. Da muka wuce ta goma sha biyu ƙofar Hajiya Zara a buɗe take. Ta kalli bargunan.

Na ɗaura kome, na cire kwaɗo, na ba da kuran. Akwatin ya tashi sumul, ba tari ba gargada. Amma da ya tsaya, ƙofa ta buɗe rabi, ta rufe, ta sake buɗe rabi, ta yi ta yi ba tsayawa. Na auna duk abin da ake aunawa, kome daidai. Na wuni a kan rufin akwatin nan har yatsuna suka sandare. Daga ƙarshe na kira Musye Abiliyo, wanda ya daɗe da yin ritaya yana ƙauyensu a Fotugal yana noman inabi. Bayan mun gaisa ya ce in kara wayar kusa da injin. Ya saurara.

"Daga ina ka ɗauko shi?" in ji shi.

Na faɗa masa.

"Ƙofar can da ta nan, wacce ta fi faɗi?"

Kafin ya rufe baki na gane. Injin ya saba da ƙuntatacciyar ƙofa. Akwai wani ɗan faifai a bayansa da ke gaya masa inda zai tsaya, an saita shi tun ranar farko a kan ƙofar asibiti. Na sassauta ƙusa ɗaya, na juya faifan kaɗan, na ɗaure. Ƙofa ta buɗe har ƙarshe, ta jira, ta rufe a hankali. Tsohon yana jin ta ta waya. Ya ce in gaida iyali, ya kashe.

Mai binciken da aka turo wata matashiya ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta bi kome ɗaya bayan ɗaya, ta loda wa akwatin nauyi ta gwada. Ta amince da duka sai wani babban rele guda. Ta ce wannan shi ke ba birki umarni, don haka a wurinta yana cikin masu riƙe rai, ba ta yarda da na hannu ba. Na duba na ga gaskiyarta. Na mayar da na da, wanda bai mutu ba tukuna, aka yi odar sabo da za a iya daidaitawa, na sa shi da ya iso.

Ranar wankin da ta biyo baya ina ƙasa ina goge bakin ƙofa da tsumma, asansar ta sauko ta buɗe. Malam Adum ne a kekensa da hularsa, Hajiya Zara tana tura shi. Ya miƙo mini hannu biyu muka gaisa doguwar gaisuwa. Ita kuma ta tsaya ta gyara mayafinta.

"Sannu da aiki, Malam Isuhu," ta ce. "Yau da sanyi. In ka gama ka hau ka sha shayi."

Daga nan ban ƙara jiran a kira ni ba. Duk sati sai na biya Dogo, in hau in sauka, in share, in shafa mai. Ta tsaya wasu lokuta, ba zan ce muku ba ta tsaya ba, amma ba ta ƙara kwana a kwance ba. A asibiti kuma ni da abokan aikina muka ɗaura sabuwa mai faɗi, aka cire labulen ƙarƙashin matakala. Mutane sukan tambaye ni wa ya fi gaskiya a taron nan, masu gidaje ko masu asibiti. Nakan ce mara lafiya yana buƙatar ya fito daga gidansa, yana kuma buƙatar likita ta karɓe shi a ɗaki mai ƙofa. Kuɗin ɗaya aka samu a lokacin. Abin da ya rage tsakanin wannan kuɗi da na gaba, irinmu ne ke riƙe shi. Zagayen gidaje ya zo daga baya, an fara sauya tagogin Dogo, an kuma yi odar sababbin asansar biyu.

Malam Adum bai ga sababbin ba. Wata safiya cikin azumin da ya wuce wayata ta yi ƙara, Hajiya Zara ce. Ta ce Malam ya cika bayan asuba, a kan gadonsa. Na yi mata ta'aziyya. Ta ce masu ɗaukar gawa sun zo, sun auna asansar sun ce gadonsu ba zai shiga a kwance ba, ko dai a tsayar da shi tsaye a ɗaure, ko a bi matakala ana juya shi a kowace kwana. Sabon mai gadin gini ya ce shi bai san wata dabara ba.

Na ce kada su taɓa shi, ina zuwa.

A irin waɗannan tsofaffin asansar na dogayen gine-gine, bangon baya na akwatin yana da wata 'yar ƙofa daga ƙasa, wadda in ba ka sani ba za ka ɗauka ado ne. Bayanta akwai wuri da aka bari musamman don gadon mara lafiya ko mamaci ya miƙe sosai. An yi shekaru ba a buɗe ta Dogo ba, amma duk shekara ina shafa wa maratayanta mai. Na durƙusa na sa lakile, ta buɗe ba ko ƙara. Aka shigo da Malam Adum a kwance, lulluɓe da farin ƙyalle, ya shiga daidai. Maƙwabta sun cika barandar, maza da mata. Wurin da ya rage na mutum biyu ne, ni da ɗaya daga cikin masu ɗauka.

Hajiya Zara ta matso bakin ƙofa.

"Ka sauka da shi a hankali, Malam Isuhu."

Na murɗa lakilen da ke hana ta amsa kiran kowane hawa, na danna. Muka sauko ba tsayawa, ina karanta abin da ya sawwaƙa. A ƙasa maza suka karɓe shi. Na rufe 'yar ƙofar, na koma sama na ɗauko Hajiya. Mu biyu muka sauko. Da ƙofa ta buɗe ta sa ƙafa ɗaya waje, sai ta tsaya ta dafa bangon akwatin da tafin hannunta.

"Allah ya yi wa hannunka albarka," ta ce, ta fita ta bi mijinta.

Wata mai zuwa za a cire tsohuwar asansar ta Dogo, kuma na roƙi shef a bar ni in kwance ta da kaina kafin masu wuta su iso. Akwai wani gini mai hawa goma a ƙetaren kogi da ke da irinta, kuma nasu kuɗin bai zo ba tukuna. Can nake son kai kayanta. Wanda ke son koyo a cikinku ya nemi takalmin aiki mai ƙarfe a baki, ya same ni a can. Da ƙafa za mu hau.